Haƙoran Tamal

Shekarata saba'in da huɗu a Arekipa.
Haƙorana a kofi suke kwana, ni a gado,
da safe mu gaisa.

A gidanmu na da, can kan tudu,
ɓerayen masar a gindin murhu suke yini,
suna kuwi-kuwi tsakanin ƙafafun uwata.
Babu mai suna a cikinsu.
Wanda za a soya ranar biki,
wa zai ɓata bakinsa ya raɗa masa suna?

Sai ga jikata Yadira da nata a keji,
fari da ratsin ja, kitse har wuya,
wai Tamal.
Na yi dariya har na roban suka zame.
Ta wuce karatu Lima, ta bar min shi amana.

Muka zauna, tsoho da ɓera.
Abin da na ci shi yake ci:
cikin burodi, dafaffen dankali, ayaba,
laushi bisa laushi.
Ce nake gata nake yi masa.

Wata Talata ya ɗauki tattasai, ya saki.
Ya sake ɗauka, ya saki.
Haɓarsa ta jiƙe sharkaf da miyau.
Ga yunwa a ido, ga abinci a gaba.
Na san wannan kallon,
shi nake yi wa gasasshiyar masara
shekara tara ke nan.

Na ɗora shi kan sikelin gari.
Giram ɗari biyu sun tafi ba sallama.

Likita Zenaida Apaza ta naɗe shi a tawul,
ta leƙa bakin da 'yar fitila.
Na gaban lafiya lau, in ji ta,
ɓarnar tana can ciki.
Turamen ƙasa sun yi tsawo, sun ranƙwafo,
sun haɗu bisa harshe kamar gada,
harshen yana ƙasa, a kurkuku.
Haƙoran waɗannan ba sa daina tsiro, Don Teodosio,
busasshiyar ciyawa ce zartonsu.
Me kake ba shi?

Na dubi takalmina.

Ta faɗi kuɗin.
A kasuwar San Kamilo zai sayi goma irinsa,
a fige, a wanke, har da gyara.
Uwata da za ta ji, sai ta tashi daga kabari
ta ja min kunne.
Kuɗin a aljihuna suke,
na gyaran nawa ne, masu gurzar min dasashi.
Na ƙirga mata. Hannuna bai yi rawa ba sosai.

Suka sa masa barci da iska.
Na zauna a benci tsakanin wata kyanwa da wani kare mai bandeji,
ina kallon dutsen Misti ta taga,
ina jin kukan ɗan inji ta bayan ƙofa,
siriri kamar sauro.
Minti arba'in.
Ban san na iya addu'a saboda ɓera ba.

Sai jinya.
Kunun ciyawa a sirinji, duk awa huɗu,
don cikinsa in ya tsaya, an gama.
Ƙarfe biyun dare, ni da shi a kicin,
bakina wayam, nasa a kumbure,
ɗigo, haɗiya, ɗigo.
Da safe in durƙusa ina ƙirga kashinsa
kamar mai ƙirga riba.
Shida. Sha ɗaya. Talatin.

Likita ta ce za su iya sake tsawo,
watakila bayan wata biyu, watakila mu dace.
Ban gaya wa Yadira duka ba.

Daren jiya na farka da wani sauti,
ƙuruc, ƙuruc, ƙuruc,
ba hutu, ba kunya.
Na kunna fitila.
Dogon zaren ciyawa yana shigewa bakinsa
kaɗan-kaɗan, har ya ɓace,
ya jawo wani.

Na tsaya a bakin ƙofa, sanyi na cin ƙafata,
ina tauna iska tare da shi.